WAƘOƘIN KIRSIMATI DA MASU BUSA ƘAHO A ƘASAR JAMUS

 Ga watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar mata da 'yan Birged sun shiga shirin Kirsimati. Cikin waƙoƙin da za a rera a majami'unmu akwai waɗanda iyayenmu suka tsara da bakinsu, akwai kuma waɗanda suka zo mana daga nesa. Da yawa cikinmu muna tsammani dukan waɗanda suka zo daga Turai na Ingilishi ne, domin ta hannun Turawan Ingila da Amurka muka karɓi yawancinsu. Amma in aka bi sawu, za a tarar waɗansu daga cikin mafi daɗewa da harshen Jamusanci aka fara rera su.

Hausawa sukan ce waiwaye adon tafiya. Yau muna so mu waiwaya mu ga su wane ne suka tsara waɗannan waƙoƙi, cikin wane hali suka tsara su, da yadda ƙahonin tagulla suka zama abokan tafiyarsu. Za mu ga cewa yawancinsu cikin annoba da yaƙi da yunwa aka haife su. Za mu kuma ga yadda aka taɓa ƙoƙarin sace su daga hannun Ikilisiya.

Lokacin da jama'a suke shiru a sujada

A ƙarni na 13 da na 14, da harshen Latin ake yin sujada a dukan Yammacin Turai. Firistoci da mawaƙan da aka horar su ne suke rera waƙa. Manomi da maƙeri da matansu suna tsaye suna ji, amma ba su gane abin da ake faɗa ba. Sai a manyan bukukuwa, kamar Kirsimati da Ista, akan bar jama'a su rera gajeren baiti guda da harshensu, su rufe shi da roƙon jinƙan Ubangiji. Akwai kuma wata al'ada a waɗansu majami'u, inda akan ajiye gadon jariri kusa da bagade da siffar yaro ta itace a ciki, ana jijjiga shi ana rera waƙar rarrashi, domin a tuna wa waɗanda ba su iya karatu ba labarin Baitalami.

Daga wannan zamani ne waƙar da ake kira In dulci jubilo ta fito. Rabinta Latin ne, rabinta Jamusanci, layi yana bin layi. Ana danganta ta da wani mai zaman zuhudu, Heinrich Seuse, wanda ya rasu a birnin Ulm a 1366. Littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labari cewa sa'ad da yake cikin wahala ya ga mala'iku cikin wahayi, suka kama hannunsa suka shigar da shi rawa, suna rera waƙar haihuwar Yesu. Muryar wannan waƙa tana nan har yau, an kuma sa mata kalmomi da harsuna da yawa. Yadda aka gauraya harsuna biyu a cikinta yana nuna mana ƙishin da talakawa suke ji na su yabi Allah da harshen da suka sha a nono.

Martin Luther ya sa waƙa a bakin jama'a

Wanda ya buɗe wannan ƙofa sosai shi ne Martin Luther, wanda ya rayu daga 1483 zuwa 1546. Bayan ya ƙi janye koyarwarsa a gaban sarki a birnin Worms a 1521, abokansa suka ɓoye shi a wani gida mai ganuwa da ake kira Wartburg. A can ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga shi a 1522. Luther mawaƙi ne tun yana yaro, ya kuma iya kaɗa molon Turawa. Ya gane cewa mutumin da bai iya karatu ba zai iya riƙe Bishara a zuciyarsa in an sa masa ita cikin waƙa. A 1524 aka buga ɗan ƙaramin littafi mai waƙoƙi 8, huɗu daga ciki nasa ne. Kafin ya rasu ya tsara waƙoƙi fiye da 30.

Luther bai zubar da abin da ya gada ba. Ya ɗauki tsohuwar waƙar zuwan Almasihu ta Ambrose, bishop na Milan wanda ya rasu a 397, ya juya ta daga Latin. Ya ɗauki ɗaya daga cikin gajerun baitocin nan na Kirsimati da jama'a suka saba, ya ƙara mata baiti 6. Amma wadda aka fi tunawa da ita ita ce Vom Himmel hoch, wadda aka buga a 1535 da sunan waƙar yara bisa Luka sura 2. Baitinta 15 ne. Cikin biyar na farko mala'ika ne yake ba da labarin haihuwa, cikin sauran kuwa yara da makiyaya suke amsawa. Da fari ya ari muryar wata waƙar wasa da ake rerawa a dandali, domin kowa ya riga ya san ta. A 1539 aka buga ta da sabuwar murya tata ta kanta, wadda ake amfani da ita har yanzu.

Luther magidanci ne, shi da matarsa Katharina sun haifi 'ya'ya shida. Biyu daga ciki, dukansu mata, sun rasu yana da rai, ɗaya tana jaririya, ɗaya tana shekara 13. Don haka uban da ya koya wa 'ya'yansa waƙar Jaririn da aka kwantar a komin dabbobi ya san zafin binne ɗa.

Waƙoƙin annoba da yaƙi

A 1597 annoba ta faɗa wa garin Unna a yammacin Jamus. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 1,300 suka mutu. Faston garin, Philipp Nicolai, gidansa yana duban maƙabarta, kullum yana ganin ana haƙa kaburbura. Cikin waɗannan kwanaki ya zauna ya rubuta littafi a kan farin cikin rai madawwami domin ya ta'azantar da waɗanda suka ragu. Aka buga shi a 1599, a ƙarshensa kuwa akwai waƙoƙi biyu da Jamusawa suke kira sarki da sarauniyar waƙoƙin Ikilisiya. Ɗaya ta dogara ga misalin budurwai goma na Matiyu sura 25, inda matsara a kan hasumiya suke ta da mutanen birni da tsakar dare domin ango ya iso. Ɗayar kuwa tana yabon Yesu, tauraron asuba na Wahayin Yahaya 22:16. Ta farko akan rera ta gab da makonnin jiran Kirsimati da cikinsu, ta biyu kuma a ranar tunawa da zuwan masanan gabas.

A wannan shekara ta 1599 aka buga wata waƙa cikin littafin waƙoƙin Katolika na yankin Speyer, bisa annabcin Ishaya 11:1 game da toho daga kututturen Yesse. Bayan shekara goma, a 1609, wani babban mawaƙi mai bin koyarwar Luther, Michael Praetorius, ya shirya ta cikin murya huɗu. Tun daga nan ta zama ta Katolika da Furotesta baki ɗaya. Abin baƙin ciki, shekara tara bayan haka waɗannan ɓangarori biyu suka ɗauki makamai. Yaƙin Shekara Talatin ya ci daga 1618 zuwa 1648. Sojojin ƙasashe dabam dabam suka yi ta ratsa Jamus suna ƙone ƙauyuka suna kwashe hatsi, yunwa da annoba suna biye da su. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a waɗansu yankuna rabin jama'a ne suka hallaka.

Cikin wannan wuta Paul Gerhardt ya girma. An haife shi a 1607, kafin ya kai shekara 15 ya rasa uwa da uba. A 1637 sojojin Suwidin suka ƙone garinsu, a shekarar kuma annoba ta ɗauke wansa. Bai sami ikilisiyar da zai yi kiwo ba sai a 1651, yana da shekara 44. Shekara biyu bayan haka, a 1653, abokinsa Johann Crüger, shugaban mawaƙa na majami'ar Nikolai a Berlin, ya buga waɗansu waƙoƙinsa na Kirsimati. Cikin ɗaya mai waƙar yana tambayar kansa yadda zai marabci Ubangiji. Cikin wata yana tsaye a bakin komin dabbobi, ba shi da abin da zai ba Jaririn sai ransa, wanda shi ma daga wurinsa ya karɓa. Wahalar Gerhardt ba ta ƙare a nan ba. Cikin 'ya'yansa biyar, huɗu sun riga shi mutuwa. A 1666 aka tuɓe shi daga aikinsa a Berlin domin ya ƙi sa hannu a wata takardar mai mulki da lamirinsa bai yarda da ita ba. Matarsa ta rasu a 1668. Duk da haka waƙoƙinsa fiye da 130 cike suke da dogara ga Allah.

Masu busa a kan hasumiya

To, ina ƙaho ya shigo? A tsofaffin biranen Jamus akwai matsara da suke kwana a kan hasumiyar majami'a ko ta gidan majalisar gari. Aikinsu su busa ƙaho in sun hango gobara ko abokan gaba, su kuma sanar da sa'o'i. A hankali birane suka ɗauki makaɗa na albashi, waɗanda suke hawa hasumiya kowace rana su busa waƙoƙin Ikilisiya, jama'a suna ji daga kasuwa da cikin gidaje. A Leipzig da ƙarfe goma na safe ake yin wannan. Ɗaya daga cikin makaɗan birnin, Johann Pezel, ya buga kiɗa 40 domin wannan sa'a a 1670.

Akwai doka a kan wannan busa. Kamar yadda kakaki a ƙasar Hausa na sarki ne, haka ƙahon yaƙi mai kaifin murya yake na sarakuna da rundunoninsu a Jamus. A 1623 sarkin daular ya tabbatar wa masu busa na fada wannan gata a rubuce. Makaɗan birni kuwa yawanci sukan yi amfani da wani ƙaho na itace da aka naɗe da fata, da kuma dogon ƙahon tagulla wanda ake jan hannunsa gaba da baya domin a sauya murya. Wannan dogon ƙaho Jamusawa suna kiransa Posaune. Da wannan suna Luther ya fassara ƙahon da aka ambata a wurare da yawa cikin Littafi Mai Tsarki, kamar Zabura 150:3 da ƙahon ƙarshe na 1 Korantiyawa 15:52. Saboda haka duk Bajamushen da ya ji muryarsa, sai ya tuna da Maganar Allah.

Daga irin wannan gida Johann Sebastian Bach ya fito, gama mahaifinsa shi ne shugaban makaɗan garin Eisenach. Bach ya yi aiki a Leipzig daga 1723 har mutuwarsa a 1750. Ya shirya babbar waƙar Kirsimati mai kashi shida, aka rera ta a manyan majami'u biyu na birnin tsakanin 25 ga Disamba 1734 da 6 ga Janairu 1735, kashi ɗaya a kowace ranar sujada. Ta buɗe da ganguna da ƙahoni uku na sarauta, domin a shaida cewa Sarki ne aka haifa. A ciki ya saka baitocin Luther da na Gerhardt waɗanda jama'a suka sani. Waƙar marabtar Ubangiji ta Gerhardt kuwa ya ɗora ta a kan muryar da ake rera waƙar shan wuyar Yesu da ita. Masu sauraro da yawa suna ganin wa'azi a cikin wannan: komin dabbobi da gicciye hanya ɗaya ce.

Marayu da daren Oberndorf

A farkon ƙarni na 19 yaƙe-yaƙen Napoleon na Faransa suka sake tattake ƙasar. A garin Weimar akwai wani marubuci, Johannes Falk, wanda ya rasa 'ya'yansa huɗu a 1813 ta wurin zazzaɓin da ya biyo sojoji. Shi da matarsa suka buɗe gidansu ga marayun yaƙi da suke yawo a titi. Domin waɗannan yara ya tsara O du fröhliche wajen 1816, ya ɗora ta a kan muryar wata waƙa daga tsibirin Sisili. Da fari baiti uku ne, ɗaya na Kirsimati, ɗaya na Ista, ɗaya na Fentikos. Daga baya wani mataimakinsa ya mai da ita ta Kirsimati duka. Har yau a majami'un Furotesta da yawa na Jamus, da ita ake rufe sujadar jajiberen Kirsimati, jama'a suna tsaye.

Waƙar da ta fi kowace yaɗuwa kuwa a ƙasar Ostiriya aka haife ta, maƙwabciyar Jamus mai harshe ɗaya da ita. Shekarar 1816 ta zo da yunwa a Turai. Wani dutse mai aman wuta, Tambora, ya fashe a Indunisiya a 1815, toka ta rufe sama, sanyi ya lalata amfanin gona. A wannan shekara wani matashin firist na Katolika, Joseph Mohr, ɗan talakawa wanda mahaifinsa soja ya gudu ya bar uwarsa, ya rubuta baiti shida a ƙauyen Mariapfarr. Aka sauya masa wurin aiki zuwa Oberndorf, garin masu jigilar gishiri a kogin Salzach, wanda sabuwar iyakar 1816 ta raba shi da sauran garin da yake ƙetaren kogi. A ranar 24 ga Disamba 1818 ya ba wani malamin makaranta, Franz Xaver Gruber, waɗannan baitoci ya sa musu murya. A daren nan su biyu suka rera Stille Nacht a majami'ar Nikola, Mohr yana kaɗa gita.

Wani mai gyaran ogan ya ɗauki waƙar zuwa kwarin Zillertal, inda akwai iyalai masu yawon fatauci da waƙa. Ta bakinsu ta kai Leipzig a 1832, ta kai Niyok a Amurka a 1839. Aka manta da masu ita, har waɗansu suna cewa ta wani shahararren makaɗi ce, sai da Gruber ya rubuta ainihin labarin a 1854. Mohr kuwa ya riga ya rasu a 1848, matalauci, bayan ya kashe abin hannunsa a kan makaranta da tsofaffi. A Kirsimatin 1914, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila sun rubuta wa gida cewa sun ji Jamusawa suna rera ta daga ramukansu. A wurare da dama aka ajiye bindiga, aka fito aka gaisa, aka binne matattu. Bayan kwana ɗaya ko biyu aka koma harbi.

A Hamburg kuma, Johann Hinrich Wichern yana da gidan renon yaran talakawa. Yaran suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimati za ta zo. A 1839 ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera mata kyandir, manya huɗu farare domin Lahadi, ƙanana jajaye domin sauran ranaku. Kowace rana akan kunna ɗaya a yi waƙa. Wannan shi ne asalin kyandir huɗu da ake kunnawa a makonnin jiran Kirsimati.

Ƙaho ya sauko wurin talakawa

Waɗanda suka fara sa ƙaho a hannun 'yan Ikilisiya da ba makaɗan albashi ba su ne 'Yan'uwa na Morabiya, 'yan gudun hijira da suka kafa garin Herrnhut a 1722. Tun 1731 littattafansu suka ambaci masu busa. Sukan busa da asubar Ista a maƙabarta, in wani ya rasu kuma sukan sanar da jama'a ta wurin busa waƙa. Masu bisharar da suka aika sun tafi da wannan al'ada. Garin Baitalami na jihar Pennsylvania a Amurka, wanda suka raɗa wa suna a jajiberen Kirsimatin 1741, yana da ƙungiyar masu busa tun 1754.

A ƙarni na 19 aka yi babbar farkawa a ƙauyukan Westfalen, tsakanin manoma da masaƙa. Dubban mutane sukan taru a fili domin bikin aikin bishara, inda babu ogan. Sai samarin Ikilisiya suka koyi busa domin su ja waƙa. Ƙungiyar ƙauyen Jöllenbeck ta 1843 tana cikin na farko. Fasto Eduard Kuhlo da ɗansa Fasto Johannes Kuhlo, wanda ya rayu daga 1856 zuwa 1941, su ne suka yaɗa aikin. Daga 1893 Johannes ya yi aiki a Bethel, wurin da Ikilisiya take kula da masu farfaɗiya da naƙasassu. Ya so ƙaho ya yi taushi kamar muryar mutum. Ya raba masu busa kashi huɗu kamar ƙungiyar mawaƙa. Ya kuma koya musu karanta kiɗa kai tsaye daga littafin waƙoƙin Ikilisiya, hanyar da ta bambanta da ta 'yan badujalar soja da makaɗan gidan rawa. Waɗannan ƙungiyoyi ba a biyansu. A lokacin Kirsimati sukan fita cikin dusar ƙanƙara su busa a ƙofar asibiti, da gidan tsofaffi, da kurkuku, da bakin kasuwa.

Sa'ad da ƙaho ya yi muryar da ba daidai ba

'Yan'uwa, tarihi na gaskiya ba ya ɓoye abin kunya. Johannes Kuhlo, wanda ake yi wa kirari da janar na masu ƙaho, ya shiga jam'iyyar Hitler a 1932, ya goyi bayansa a fili, yana kuma da ƙiyayya ga Yahudawa. Bayan Hitler ya hau mulki a 1933, aka haɗa ƙungiyoyin masu busa cikin tsari ɗaya a ƙarƙashin idon gwamnati. 'Yan jam'iyyar suka so Kirsimati ba tare da Almasihu ba, gama ba su iya jure cewa Mai Ceto Bayahude ne. Suka tsara sababbin waƙoƙi a kan taurari da wuta da iyaye mata na Jamus, suka sauya kalmomin tsofaffin. Abin da ya fi muni, waɗansu shugabannin Ikilisiya suka taya su. A 1939 aka kafa wata cibiya domin a kawar da duk abin da ya shafi Yahudawa daga Ikilisiya, aka yi bikin buɗe ta a Wartburg, wurin nan da Luther ya fassara Sabon Alkawari. A 1941 suka fitar da littafin waƙoƙi wanda aka share kalmomin Ibrananci daga cikinsa, irin su Sihiyona. Murya tana nan yadda take, ƙaho yana busawa da daɗi, amma an cire Bishara. Manzo Bulus ya yi gargaɗi a 1 Korantiyawa 14:8 game da ƙahon da ba a gane abin da yake faɗa ba.

Amma Allah bai rasa shaidu ba. A 1934 waɗansu fastoci da dattawa suka taru a Barmen suka shaida cewa Yesu Kristi kaɗai ne Maganar da Ikilisiya za ta saurara. Akwai kuma Jochen Klepper, ɗan fasto, marubuci, ma'aikacin gidan rediyo a Berlin. An kore shi daga aiki a 1933 domin matarsa Johanna asalinta Bayahudiya ce. An matsa masa ya sake ta, ya ƙi. A Disamba 1937 ya rubuta waƙar jiran Kirsimati bisa Romawa 13:11-12. Abin da take koyarwa ya yi kusa da karin maganarmu, komai nisan dare gari zai waye. A Disamba 1942 hukuma ta hana 'yar matarsa izinin fita zuwa Suwidin, ga shi ana kwashe Yahudawa zuwa sansanonin kisa. A daren 10 zuwa 11 ga watan, su uku suka ɗauki ransu a gidansu. Ba mu ba da wannan labari domin mu yaba wa wannan ƙarshe ba, shari'arsa tana hannun Allah mai jinƙai. Mun ba da shi domin mu ga inda ƙiyayya takan kai mutane sa'ad da maƙwabta suka yi shiru. Yahudawa miliyan 6 aka kashe a waɗannan shekaru. Littafin waƙoƙin 1941 an yar da shi, amma waƙar Klepper tana cikin littattafan Furotesta da na Katolika na Jamus har yau.

Daga ƙarshen yaƙi zuwa yau

Bayan 1945 ƙungiyoyin masu busa suka sake tashi, mata da 'yan mata kuma suka shiga. A Jamus ta Gabas, inda gwamnatin kwaminis ta matsa wa Ikilisiya daga 1949 har faɗuwarta, ba su daina ba. A Dresden, babbar majami'ar Frauenkirche ta rushe cikin ruwan bama-bamai na Fabrairu 1945, ta zauna kango shekaru da yawa. Wani shahararren mai busa ƙaho, Ludwig Güttler, yana cikin waɗanda suka ja gaba wajen neman kuɗin sake gina ta. A 23 ga Disamba 1993 aka yi sujadar Kirsimati a fili a gaban kangon, da mawaƙa da masu busa, ta kuma zama al'adar birnin. An keɓe sabon ginin a 2005. A 2008 masu busa fiye da 16,000 suka taru a Leipzig, aka sake irin wannan taro a Dresden a 2016 da Hamburg a 2024. A 2016 aka sa waɗannan ƙungiyoyi cikin jerin al'adun gado na ƙasar. Sai dai kuma a 2022 yawan 'yan manyan Ikilisiyoyi biyu na Jamus ya sauko ƙasa da rabin jama'ar ƙasar. Mutane da yawa suna son muryar waƙoƙin a kasuwar Kirsimati, amma ba su san Wanda ake rerawa dominsa ba. Ya kamata mu riƙa tunawa da su cikin addu'a.

Muna da dalilin yin haka, gama akwai zumunci tsakaninmu. Karl Kumm, wanda ya jagoranci masu bishara na farko na SUM zuwa Wase a 1904, haifaffen Jamus ne. Ikilisiyar 'Yan'uwa da ta fara aiki a Garkida a 1923, tushenta yana ƙauyen Schwarzenau na Jamus tun 1708. Koyarwar Luther ta iso Numan a 1913 ta hannun mutanen Danmak. Badujalar 'yan Birged kuwa ta wata hanya ta zo, gama a Glasgow aka kafa ƙungiyar a 1883.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Da fari, abin da Luther ya nema wa mutanensa shi ne su yabi Allah da harshensu. Saboda haka waƙar da wata uwa a zumuntar mata ta tsara da Hausa ko da harshen ƙauyensu, da kiɗan tulu da kacau-kacau, ba ta gaza ta Bach ba a gaban Ubangiji. Na biyu, wanda Kirsimati ta same shi cikin makoki, ko gudun hijira, ko rashin abin sa wa yara a baki, kada ya ce waƙoƙin nan na masu jin daɗi ne. Nicolai da Gerhardt da Falk daga bakin kabari suka rera su. Na uku, mu lura da kalmomin da muke rerawa. Shugabannin mawaƙa, ku koya wa yara ma'anar kowane baiti, ku nuna musu ayar da ya fito daga ciki. Kada mu yarda wani mai mulki ko mai kuɗi ko mai ƙabilanci ya ari muryar Ikilisiya domin yabon kansa ko domin ƙin maƙwabci.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin bayinka da suka bar mana waƙoƙin haihuwar Ɗanka. Ka ta'azantar da masu makoki a cikinmu. Ka tsare bakinmu da ƙahoninmu su yabe ka kai kaɗai. Ka farkar da Ikilisiyarka a Jamus da a ƙasarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya ba mu Kirsimati mai albarka, ya kai mu sabuwar shekara lafiya.